Kafintan da Ya Toshe wa Katakonsa Iska

Kafin in fara, bari in faɗa muku gaskiya, 'yan'uwa: wani sashe na wannan labari ya zube mini a hanya. Sunan mutumin ya tafi. Tun ranar Laraba nake neman sa, har na buɗe tsofaffin takardun da nake rubuta wa'azi a kai sa'ad da nake yawon bishara a ƙasar Malumfashi, ban same shi ba. Shekarar ma ban riƙe ba. Akwai kuma wuraren da ban san ko da idona na gani ko ba ni labari aka yi ba, don a shekaruna abin da mutum ya gani da abin da ya ji a tabarma ɗaya suke zama. Abin da ya rage a hannuna shi zan ba ku. Inda na manta kuwa zan ce na manta.

Akwai wani mutum, kafinta, a wani ƙauye. Na tuna dai matarsa Rifkatu takan kira shi Baban Kande, don haka mu ma sai mu kira shi hakanan. Ya gaji sana'ar daga ubansa, ya gaji kuma rumfar da uban yake aiki a ciki. Rumfa ce ta talaka. Ginshiƙanta na ƙirya ne, rufinta tsohon kwano, bayanta da gefenta kuwa guntayen katako ne aka bubbuga da ƙusa, tsakaninsu ramuka ne da mutum zai iya zura hannu. Awaki sukan leƙo ta nan. Kaji sukan shiga su yi ƙwai a cikin dusar katako.

Uban yana da al'ada guda. Da farkon damina yakan sayo katako ɗanye, sabon yanka, ya kawo shi cikin rumfar, can ƙuryar baya, ya ɗora a kan duwatsu don kada gara ta hau. Yakan jera shi ɗaya bisa ɗaya, yana sa 'yan siraran sanduna a tsakani. Daga nan ba ya taɓa shi sai an gama girbin dawa. A lokacin katakon ya bushe, ya yi sauƙi, in ka ƙwanƙwasa shi sai ka ji ya amsa. Shi ya sa a duk yankin aka san kayan gidan nan ba sa karkacewa. Ni kaina na zauna a kan kujerar da uban ya yi, a gidan wani malamin asibiti, ko kuwa a gidan surukinsa ne, oho. Kujera dai tana tsaye da ƙafafunta huɗu kamar jiya aka yi ta.

Ɗan ya riƙe wannan al'ada duka. Duwatsu, sanduna, watanni, bai bar ko ɗaya ba.

Sai Allah ya sa wa hannunsa albarka. Aiki ya yawaita, rumfa ta yi masa kaɗan. A shekarar kuma ikilisiyar ƙauyen tana gina sabuwar majami'a, domin tsohuwar ta laka ce, ta fara tsagewa. Dattawa suka zauna, suka sa ranar keɓe ta ga Ubangiji, Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti. Babbansu, Baba Dogara, tsoho mai sanda da yawan barkwanci, ya zo rumfar ya ce, "Ɗana, ƙyauren babbar ƙofa kai za ka yi. Ubanka ne ya yi na tsohuwar. Ginin ya gaji, ƙyauren bai gaji ba. To, ka ji abin da ke gabanka."

Kafintan ya ce, "Baba, da yardar Allah ba za ku ji kunya ba."

"Mu ai mun tsufa da jin kunya. Kai dai ka kula da taka."

Kafintan ya koma gida ya ce wa matarsa, "Ba zan yi ƙyauren gidan Allah a cikin akurkin kaji ba. Lokaci ya yi da zan gyara wurin nan."

Da ruwan farko ya sauka ya tashi ya tafi kasuwar katako a Funtuwa, wurin Alhaji Mati, wanda ya yi shekara talatin yana sayar wa ubansa. Alhaji na ganin sa ya ce, "A'a, ɗan abokina! Yau da sabuwar hula? Lalle zan ƙara kuɗin kaya."

"Ranka ya daɗe, hular aro ce."

"Haka ubanka yake cewa. Shekara talatin yana aron hula ɗaya."

Suka yi dariya, suka shiga cikin tulin katako. Kafintan ya zaɓi maɗaci, jan katako mai nauyi. Kowane ɗaya sai ya juya shi ya ga bayansa, ya ɗaga bakinsa ɗaya ya rufe ido guda ya duba miƙewarsa. Mai tsaga ya ture gefe, mai ƙulli ya ture gefe. Alhaji ya tsaya yana kallo, yana cewa, "Zaɓa, zaɓa, ka bar mini na masu gaggawa." Da aka gama ya ce, "Ka san dai ɗanye ne. Makon jiya aka yanko shi, har yanzu yana hawaye."

"Na sani, Alhaji. Sai bayan girbi zan taɓa shi."

"Madalla. Ɗan gida ne kai."

Daga nan ya zaga kasuwa. Ya sayi ƙusoshi, da gam, da sabon zarto, da manyan ƙarafan rataye ƙyaure, da sakata mai kauri. A ƙarshe ya sayi abin da ya daɗe yana mafarki, injin goge katako, wanda aka ɗan yi aiki da shi, da ƙaramin janareta da zai tashe shi. Aka loda kaya a akori-kura. Ya zauna a baya tare da su, ya ƙi shiga gaba, yana dafe da injin har gida kamar mai rakiyar amarya.

To, inji ba a barin sa a rumfar da akuya ke leƙowa. Ruwa zai taɓa shi, ɓarawo ma zai gan shi. Saboda haka ya kira magina, aka cire guntayen katakon nan masu ramuka, aka tayar da bangon bulo ta kowane gefe har sama, aka shafe da siminti, aka yi sabon rufi, aka sa ƙofar ƙarfe. Taga ɗaya aka bari, ita ma da gilashi. Wuri ya yi kyau ƙwarai. Ban ce muku bai yi kyau ba. Mutane suka riƙa zuwa kallo, Fasto ya zo ya yi addu'a, zumuntar mata ta yi waƙa a bakin ƙofa, Rifkatu ta dama kunun gyaɗa aka sha. Kada kowa ya ce gyaran nan zunubi ne. Mutum ya yi aiki, Allah ya ba shi, ya gyara wurin sana'arsa. Abin godiya ne.

Ya jera maɗacinsa a ƙuryar baya, daidai inda ubansa yake jerawa, a kan duwatsun nan, da sanduna a tsakani. In ya tashi aiki da yamma sai ya ja ƙofar ƙarfe ya sa kwaɗo.

Wata rana cikin damina Rifkatu ta ce, "Baban Kande, kuɓewar da na shanya a ƙuryarka ta yi fumfuna. Da can kwana uku take bushewa a wurin."

Ya yi dariya ya ce, "To wa ya ce ki mai da shagona rumbu? Wurin inji ne yanzu, ba wurin miya ba."

Ta kwashe kuɓewarta ta tafi.

Damina ta wuce, aka girbe dawa. Ya ce watanni sun cika. Ya sauko da katako, ya tashi janareta, ya tura na farko cikin inji. Kafin ka ce me, ya fito sumul yana sheƙi. Aikin da zai ci masa mako da hannu, inji ya gama kafin rana ta yi tsaka. A nan akwai abin lura, ni ma wani kafinta ne ya fahimtar da ni. In da hannu kake goge katako, hannunka zai gaya maka in da sauran danshi a cikinsa, domin bakin ƙarfen yakan riƙa cijewa, abin da ke fita yakan manne. Inji kuwa ba ya faɗa maka kome. Ɗanye da busasshe duk ɗaya yake cinyewa. Baban Kande dai ya ji katakon da ɗan nauyi, amma ya ce maɗaci ai dama nauyi gare shi.

Ya haɗa ƙyaure mai ɓangare biyu, ya sassaƙa gicciye a tsakiyar kowanne, ya shafa mai har jan katakon ya fito. Saura mako uku a keɓe majami'a aka kai aka rataya. In ka tura shi da yatsa ɗaya sai ya tafi, ya rufe ba ƙara. Baba Dogara ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, ya ce, "Kai! Wannan ko Shaiɗan ya zo sai ya nemi izini."

Kwana goma bayan haka, da safe, Baba Dogara ya zo shago. Bai yi barkwanci ba. Ya ce, "Ɗana, zo ka gani."

Ƙyauren ya murɗe. Rana da busasshiyar iskar rani sun same shi a fili, danshin da ke ɓoye a ciki ya fita da gaggawa, katako ya ja kansa. Ɓangaren dama ya banƙare daga sama, na hagu daga ƙasa. In an haɗa su, sama ta taɓa ƙasa ta buɗe. Sakata ba ta kai raminta. Gicciye ɗaya ya tsage a tsakiya.

Kafintan ya ƙirga kwanaki. Saura kwana goma sha ɗaya, an riga an aika wa ikilisiyoyin kewaye, har an sayi shanun da za a yanka wa baƙi.

Bai tsaya cin abinci ba, ya kama hanyar Funtuwa. Ya sami Alhaji Mati ya ce, "Alhaji, abin da ka yi mini bai kamata ba. Ka ba ni katakon banza, na yi aikin gidan Allah da shi, ya kunyata ni."

Alhaji bai yi fushi ba. Ya ce, "Zauna tukuna, ɗan abokina, a kawo maka ruwa. Ni na zaɓa ko kai ka zaɓa?"

"Ni na zaɓa."

"Na ce maka ɗanye ne ko ban ce ba?"

"Ka ce."

"Ka jera shi da sanduna?"

"Kamar yadda Baba yake yi. Wata shida cur."

Alhaji ya shafa gemu. Ya ce, "Wata shida, kuma ya murɗe? To, wannan sai na gani da idona. Ba na so a ce maɗacin Mati ya yi ƙarya a ɗakin ibadar mutane."

Washegari ya zo a kan babur ɗinsa. Aka buɗe masa ƙofar ƙarfe, ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya tsaya. Ya shaƙi wurin. Ya dafa bango, ya je ƙurya ya ɗaga ɗaya daga cikin katakon da ya rage, ya ƙwanƙwasa. Katakon bai amsa ba. Ya juya shi, ga fumfuna a ƙarƙashi. Sai ya waiga ko'ina, ya ce, "Ina ramukan?"

"Waɗanne ramuka, Alhaji?"

"Ramukan rumfar ubanka. Inda awaki ke leƙowa."

"Na toshe. Ai lalacewar gini ce."

"Lalacewar gini! Ɗana, kana tsammani ubanka bai iya buga katako ya haɗe ba? Kafinta guda? Da gangan ya bar su. Sandunan da kake sawa a tsakani hanya ce kawai. Iska ita ke bi ta hanyar, ta kwashe ruwan ta fita da shi. Kai ka share mata hanya, sa'an nan ka rufe ta a waje ka sa kwaɗo. Katakon nan wata shida ya yi yana shaƙar gumin kansa."

Rifkatu tana bakin ƙofa da kwanon fura da ta kawo wa baƙo. Ta ce, "Alhaji, ai kuɓewata ta riga ta faɗa masa tun cikin damina."

Alhaji ya ce, "Ka ji. Da ka saurari miya da ba ka tayar da ni daga Funtuwa ba."

Kafintan bai yi dariya ba tukuna. Ya ce, "Busasshen maɗaci fa, Alhaji? Ko nawa ne."

"Mai kaurin da kake so babu shi a kasuwa yanzu. In wani ya ce maka yana da shi, ɗanye ne ya shanya a rana ya yi fuska."

Da Alhaji ya tafi, kafintan ya zauna yana kallon injinsa. Ya san abin da zai iya yi. Zai iya sauko da ƙyauren, ya aske inda ya banƙare, ya cike tsagar da gam da dusar katako, ya shafa mai, ya mayar. Aikin yini ɗaya ne. Ranar keɓewa zai rufu sarai, baƙi su yaba, su koma garuruwansu. Bayan wata biyu zai sake murɗewa, amma a lokacin wa zai ce laifin wa? Sai a ce rani ne.

Rifkatu ta ga inda idonsa yake. Ta ce, "Baban Kande, kowace Lahadi ta ƙofar nan za mu shiga, ni da kai da 'ya'yanka. Baƙi sau ɗaya za su bi ta."

Ya tashi ya tafi wurin dattawa. A nan ne kuma ƙwaƙwalwata ta yi rami. Na san an gaya mini abin da ya faɗa musu, kuma na san magana ce mai kyau, don na taɓa yin wa'azi da ita, amma ta tafi. Abin da na riƙe shi ne bai ɗora wa mai katako laifi ba, bai ɗora wa rani ba. Ya ce shi ya toshe wa katakonsa iska, ƙyaure nagari kuwa ba zai samu ba sai wajen bikin Ista, nan da wata huɗu. Ya ce in suna so su ba wani aikin, ba zai ji haushi ba.

Wasu suka yi gunaguni. Wani ya ce, "Yaya za a keɓe majami'a ba ƙyaure? Baƙi su ce me?"

Baba Dogara ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Su ce mutanen ƙauyen nan ba sa rufe wa kowa ƙofa. Me ke ciki da za a sata, bencin laka? A sauke shi. Mu jira yaron nan."

Haka aka yi. Ranar keɓewa mata suka rataya farin zane a bakin ƙofa, aka ɗaure shi gefe, jama'a suka shiga da waƙa. An ci, an sha, an yi murna. Kafintan ya zauna a benci na baya, kansa a ƙasa da fari, amma kafin a tashi yana tafi tare da kowa.

Ranar Litinin ya ɗauki guduma ya fasa bangonsa sabo. Ya cire bulo nan da can, jere ɗaya a ƙasa, jere ɗaya a sama, gabas da yamma, ya sa ragar ƙarfe saboda ɓarawo. Inji ya ɗinka masa riga ta tamfol. Ya sake jera maɗacin da ya rage, ya goge fumfunar, ya bar shi. Kowane mako yakan ƙwanƙwasa. Cikin wata na huɗu katako ya amsa. Da ya zo gogewa, tashin farko da hannu ya yi, sai da hannunsa ya yarda sa'an nan ya ba inji. Ranar Asabar kafin Ista aka rataya sabon ƙyaure. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, bai motsa ba.

Yanzu ga ma'anar misalin, ku saurara da kyau. Katakon nan zuciyar mutum ce. Dukanmu ɗanye muka zo, da ruwan son kai da fushi da girman kai a cikinmu, ba kuwa mai iya matse wannan ruwa da ƙarfinsa. Aikin Ruhun Allah ne, a hankali yake yin sa, ba a ganin sa yana yi. Duwatsu da sanduna su ne al'adunmu masu kyau, zuwa sujada, ba da baiko ga Allah, shiga ƙungiya. Suna da amfani, kada ku bar su, amma hanya ce kawai. Ramukan rumfa kuwa su ne 'yan wuraren nan na rayuwa da ba a cika su da kome ba: zaman shiru da safe kafin a taɓa waya, addu'ar da ba a yi da gaggawa, hutun ranar Ubangiji, zama wurin tsoho ko marar lafiya ba don wata riba ba, da kunnen da ke sauraron matar gida in ta ce wani abu ya canja. Sa'ad da muke matalauta waɗannan ramuka suna nan da yawa, ba ma ko lura da su. Ran da Allah ya buɗa mana, su muke fara toshewa, don a idonmu ɓata lokaci ne. Muna nan muna zuwa sujada kamar da, shekaru suna cika, daga waje muna sheƙi. Sai ran da aka rataye mu a wurin aiki, aka ba mu aure ko shugabanci ko dukiya, zafi ya taɓa mu, sa'an nan a ga mun murɗe.

In haka ta same ka, ɗan'uwa, kada ka aske gefe ka cike tsaga don baƙi su yaba. Faɗi gaskiya, ka fasa bango, ka jira. Jama'ar Allah za su iya yin sujada da zane a ƙofa. Mai Cetonmu a gidan masassaƙi ya girma, ya san ba a gaggauta katako, ba zai kuwa gaji da jiran ka ba. Ni da nake muku magana na haura tamanin, har yanzu in ya ƙwanƙwasa ni ban tabbata ina amsawa sosai ba, amma ina gode masa bai jefar da ni cikin itacen wuta ba.

A makon nan ina roƙon kowa ya zaga bangon rayuwarsa ya duba inda ya toshe. Bulo ɗaya ya isa a fara da shi.

Abu ɗaya zan ƙara, wannan kuwa na tabbatar da shi, ba daga tsohuwar ƙwaƙwalwata ya fito ba. Bara na je asibiti a duba mini ido, na zauna a layi kusa da wani magini, hira ta kai mu ƙauyen nan. Ya ce jama'a sun yi yawa, an rushe waccan majami'a an gina babba, kuma shi ya yi ginin. Na sa jikata ta rubuta wa Faston wurin, ya amsa ya ce haka ne. Da maginin ya zo fitar da bakin ƙofa, dattawa suka hana shi bin awon da ke takarda. Suka kai shi inda aka jingine ƙyauren nan na Baban Kande, suka ce ya auna shi, ya gina ƙofar daidai da shi.